Hannun Majo Zulaihatu

Tun rana ba ta yi zafi ba Majo Zulaihatu take buɗe ƙofar likitar garinmu, nan cikin karkarar Hawandawaki. Mu nan ɗakin shan magani muke ce wa likita, Majo kuwa ita ce ma'aikaciyar jinyar da ke shugabantarsa. Kafin ta rataye mayafi mata sun cika gindin dogon yaro, kowace da goyo, wasu daga rugage a kan amalanke. Sai ta bi layi tana janye fatar idon yara da babban yatsa. Wanda ta ga idonsa ya yi fari fat shi ake fara shigarwa, ko da uwarsa ce ta zo ƙarshe, kuma duk wadda ta yi gunaguni za ta ji abin da ba ta so. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, katanga ce kawai tsakanin ajina da likitar, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani.

Shekara da shekaru ban taɓa ganin Majo da riga mai gajeren hannu ba, ko a tsakiyar bazara. Baƙi kan ɗauka tsabar ustazanci ne. Ba shi ba ne. Dalilin yana komawa ga wata damina da ba na son tunawa.

A waccan daminar aka kira ta Tasawa taron bita kan gyaran tsarin kiwon lafiya, irin tarukan nan da ba su ƙarewa. Ta bar likitar a hannun Rufaida, wata budurwa da ta gama makarantar jinya a birni da takarda mai kyau, ta zo aikin sa-kai ba albashi. Da hantsi sai ga Illo makiyayi ya sauko daga kabu-kabu da ɗiyarsa Mansura a kafaɗa. Zazzaɓin cizon sauro ya ci ƙarfinta, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Ƙarin ruwa take buƙata da allura ta jijiya, kuma wallahi duka akwai su a kabad. Rufaida ta soka a hannun dama, ba ta sami jijiya ba. Ta koma hagu. Ta koma ƙafa. Daga aji nake jiyo kukan yarinyar, can sai na daina jin sa. Illo ya ɗauke ta suka kama hanyar Tasawa, ga yashi ga ruwa, ba su kai rabi ba ta cika.

Washegari Majo ta dawo ta tarar da Rufaida tana ɗaure kaya. Abin da ya biyo baya Rufaida ce ta ba ni labarinsa da bakinta.

"Ina za ki tahi?" in ji Majo.

"Gida, Majo. Ni na kashe ta."

"A lakwal ɗinku, kin taɓa sa ma mutum ruwa?"

"Ban taɓa ba. Hannun roba guda gare mu, mu kuwa mun cika aji har bakin taga. Da aka kai mu babbar likita, daga bayan mutane nake leƙe."

Majo ba ta yi faɗa ba, ita da faɗa ba ya yi mata wuya. Ta naɗe hannun riga, ta ɗaure damtsenta da robar da ake ɗaurawa don jijiya ta fito tana ja da haƙori, ta ɗora hannun a tebur.

"Soka."

"Majo, ba ni iyawa."

"Ni ba ni kuka, kuma ba ni mutuwa don wannan. Soka, na ce."

Rufaida ta soka tana hawaye, ta kuskure. Majo ta kama yatsanta ta ɗora a kan jijiyar, ta ce ta rufe ido ta ji yadda take motsi, don jijiyar yaron da ruwa ya ƙare masa ba a ganin ta. Suka sake da sabuwar allura. Haka suka yi ta yi har ƙarshen damina.

Tun daga nan babu ɗalibin jinyar da aka turo garin nan ya taɓa ɗan wani kafin ya bi ta hannun Majo. Gwaggo Jummai, ungozomar da ke taya ta, wadda ke kirana Mushe yadda ake kiran malamin lakwal a nan, ta taɓa ce mini, "Mushe, hannun matar nan ya koma rariya." Daga baya na gani. Tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu tabo ne baƙi-baƙi, jijiyoyin sun yi tauri, wasu sun shige. Bara da rashin lafiya ya kwantar da ita, a ƙafa Rufaida ta samo wurin sa mata ruwa.

Ke ce Majo, uwar marasa jijiya. Ke kika ga makaranta ta sallami yara da takarda babu hannu, ba ki tsaya zagin yaran ba, kika mayar da jikinki aji. Ke kika nuna mana shugabancin jinya ba zama a ofis ba ne. Ban san wani taron bita da ya koya miki wannan ba.

Ni ba na ƙin gyara, kada a fahimce ni ba daidai ba. An shafe likitarmu da fenti, an sa sola, an kawo firij na rigakafi, an kafa allo a bakin hanya. Madalla. Amma don Allah fenti ne zai sami jijiyar yaro? Makarantun jinya suna ta tsirowa a birane kamar shagunan caji, kowace shekara suna yaye ɗalibai, ana kuma kiran wannan ci gaba. Waɗanda Majo ta gyara wa hannu kuwa, da sun ƙware sai su tafi inda ake biya. Ban ga laifinsu ba, su ma suna da iyaye. Abin dai yana ci mini rai.

A watan nan Majo ta ajiye aiki, shekaru sun cika. Har yau ba a turo wanda zai gaje ta ba. Rufaida, wadda yanzu take sa wa jariri ruwa a suka guda, har yanzu 'yar sa-kai ce. Wata ƙungiya a Maraɗi ta neme ta, iyayenta kuma sun matsa mata ta karɓa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa a garin nan ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko.

Ranar bankwana Illo ya zo da ƙwaryar nono. Bara waccan ya kawo ƙanen Mansura cikin irin wancan halin, Rufaida ce ta sa masa ruwa, yaron yana nan yana bin awaki. Illo ya ajiye ƙwaryar, ya nuna Rufaida da baki, ya ce, "Majo, in kin tahi, wagga za ta zauna?" Majo ta dubi ƙasa. Rufaida ta dubi ƙasa.

A ranar ne kuma wasu sababbin ɗalibai mata suka iso. Majo, da sabo, ta fara naɗe hannun riga, tana juya hannun tana neman inda ya rage. Babu. Rufaida ta riƙe ta, ta sauke mata rigar, ta ce, "Bari, Majo, naki ya ƙare." Ta naɗe nata, ta ɗaure da haƙori, ta ɗora a tebur, ta dubi ɗalibar da ke gaba.

"Soka," in ji ta.

Majo Zulaihatu, mun gode. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa kowane tabo a hannunki ya zame miki shaida ranar gobe. Ku masu koyar da jinya, ku yi koyi da ita, kada ku sallami ɗalibi sai hannunsa ya san jijiya. Ku kuma masu ɗaukar ma'aikata, ba hannunku muka ce ku miƙa a soka ba. Sa hannu kawai za ku yi Rufaida ta zauna, kuma ku yi shi kafin ruwa ya sauka.