Azumin da Malam Ya Rama

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Ban kira sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara a jarida ba. Daga Abaji har nan Dei-Dei, Malam na Lab aka san shi, don a ɗakin gwajin jini yake aiki. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake, autarmu Hajara na rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara min zance.

Lokacin da aka kai ni gidansa, a wani ƙaramin asibiti yake aiki a Abaji, ɗaki ɗaya mai taga ta gabas. Ni ke kai masa abincin rana, saboda haka da idona na ga kayan aikinsa. Abin duba ƙwayar cuta ba ya aiki da lantarki, wani ɗan madubi yake juyawa ya kamo hasken rana. In hadari ya haɗo, sai masu jira su yi ta jira. Abin wulwula jini da hannu ake murza shi, kamar injin taliya. Mai ciwon suga kuwa fitsarinsa ake dafawa bisa 'yar fitila, a ga ko ruwan shuɗi zai koma kalar jar ƙasa.

Sai wani siririn bututun gilashi mai layi-layi. Da baki ake zuƙo jini da shi har ya kai layin da ake so, a toshe da yatsa. Ran da na fara gani na dire kwano na ce, "Malam, jinin mutane kake sha?"

Ya yi dariya. "Ke dai da sa ido. Ba ya kai baki. Haka aka koya mana."

Wani watan azumi ya dawo ransa a ɓace. Wai yana cikin zuƙa aka banko ƙofa, ya zabura, jini ya wuce har maƙogwaro. Bai tsaya tunanin abin da ke damun mai jinin ba, ni ma ban tambaya ba. Azumi ne damuwarmu. Bayan la'asar ya je wurin liman, liman ya ce ya rama bayan Sallah. Ya rama. Ni na dafa masa sahur ɗin. Muka ɗauka magana ta ƙare.

Daga baya aka kawo musu wata roba da ake matsawa a madadin baki. Ya jefa ta a durowa, wai tana ɓata masa lokaci. Sai da aka yi masa canji zuwa cikin gari, aka zo da wanda ake dannawa da babban yatsa, sannan ya daina. Shekaru suka ja kafin idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Likita ya ce ciwon hanta ne, ya daɗe a jikinsa. Ba wanda ya iya cewa daga wancan jinin ne. Shi kansa cewa ya yi, ai ba sau ɗaya ba ne.

Ban yi kuka ba ranar da ya rasu, har yau kuma bai zo ba. An ce iyali su je gwaji. Yara suka je, ni na ƙi. Da Hajara ta zaɓi aikin ubanta na hana, ba ta hanu ba.

Bana ƙafafuna suka fara kumburi. Hajara ta tsare ni a tsakar gida ta ce, "Mama, in shi ne, yanzu akwai maganin da ke riƙe shi. In kika bari ya kai inda na Baba ya kai, babu." Na ce ba mai ɗibar jinina sai na ga abin da za a yi da shi.

Ta kai ni inda take aiki a Maitama. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga ko ɗaya, ga wani inji fari kamar firiza yana ƙugi. Na zagaya shi na ce, "Ina wurin sa baki?"

Abokiyar aikinta, Madam Rifkatu, ta kwashe da dariya. "Baki kuma, Mama? Ko ruwa mutum ya sha a nan, oga zai kore shi."

Na miƙa hannu, aka ɗibi jinin a 'yar kwalba. Na tsaya na ga sun sa kwalbar a ciki, wata allura ta sauko da kanta ta ɗiba, ta koma, ta wanke kanta. Hajara na gefe, hannu cikin safa, baki a rufe da takunkumi. Na yi tunanin me Malam zai ce. Zai fara tambayar ina taga. Zai kushe injin, ya ce ba ido gare shi ba, sannan in kowa ya fita ya tsaya ya koye shi. Ban sani ba ko zai tuna robar nan ta cikin durowa.

Da sakamako ya fito Hajara ta daɗe tana kallo. Ta ce kumburin ba na hanta ba ne, hawan jini ne, za a ba ni magani. Sannan ta ce, "Amma ciwon Baba ya taɓa shiga jikinki. Jikinki ya kore shi da kansa. Alamarsa ce kawai ta rage, ita kuwa ba ta gogewa."

Rifkatu ta ce in yi murna. Na ce alhamdulillahi, don ya kamata a ce.

Rigunansa na rabar tun arba'in. Ɗakin Abaji, an ce min, ya zama wurin ajiye tarkace. Hotonsa ma ya koɗe. Na ɗauka abin da ya bari sai yara da fuskar Hajara in ta sunkuya kan aiki. Ashe akwai saura a jijiyata, sai da inji ya gaya min.

Allah ya jiƙan Malam, ya karɓi azumin da ya rama. Na tambayi Hajara ko za a iya cire alamar. Ta ce a'a. Na ce to, a bar ta.