Tsibin Takin Sauda

Ranar Asabar ɗin, ƙarfe shida da rabi, Sauda tana bayan gida da cebur. Shekarunta ashirin da huɗu, ta gama karatun aikin gona, tana jiran bautar ƙasa. Tsibin takin da take haɗawa da ɓawon doya da ganye yana jikin katangar maƙwabciyarsu a Yelwa, Maman Job. Ranar ce wa'adin da Maman Job ta ba su ya cika: ko wari ya tafi, ko ta kira duba-gari a kwashe tsibin.

Laifin mahaifin Sauda ne, Malam Ikrima. Ranar Babbar Sallah ya juye abin cikin tumbin rago da jininsa a kai, a ganinsa taimako ya yi. Kwana shida tana gyara ɓarnar.

Ƙarfe takwas ta ɗora masa buhun garin katako daga kafintocin Ƙofar Dumi.

"Abba, zuba! Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

"Yau ni ne lebura ke nan?"

"Jiƙa ce ta yi yawa, iska ba ta shiga. Busasshe biyu, ɗanye ɗaya!"

Ƙarfe goma sha ɗaya ta gama juyawa, ta tura hannu har gwiwa, ta buga tsalle.

"Da zafi! Abba, taɓa ka ji, yana nuna!"

Ya taɓa. Da zafi kuwa.

Ƙarfe huɗu Maman Job ta shigo, ta toshe hanci da gefen zane. Sauda ta damƙo takin ta miƙa mata.

"Mama, shinshina."

Ta shinshina a tsorace, ta sake shinshinawa.

"Kai! Kamar an yi ruwan farko! 'Yar nan, tumatir ɗina fa?"

"Sati uku, Mama. Buhu guda naki ne."

Washegari Sauda ta tafi Zungur ɗauko karan masara. Motar da ta shiga ta kife a hanyar dawowa. Bayan la'asar aka yi jana'izarta.

Tufafinta aka raba wa 'yan uwa, littattafanta aka ba ƙawayen karatunta. Wasu suka ce a kwashe tsibin. Malam Ikrima ya ƙi. Duk bayan kwana uku yana juya shi, busasshe biyu, ɗanye ɗaya. Da sati uku suka cika, ya cika buhu ya kai wa Maman Job da kansa. Ceburin yana nan jingine da katanga.