Jiƙaƙƙen Tsumman Mai Fanka

Ranar Alhamis, 14 ga Afrilu, 2011, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, wani dattijo ya tsaya a ƙofar shagon Mai Fanka, rungume da akwatin roba mai ruwan toka kamar wanda ya kawo jariri asibiti. Ran nan suka fara haɗuwa.

Shagon taku uku ne a tsaye, biyu a kwance. Na mahaifinta ne. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take riƙe masa waya yana naɗin fanka, da hannunsa ya fara rawa sai ta gaji kujerar. A lokacin tana da shekara talatin da takwas, da miji direban motar haya, da 'ya'ya huɗu. Duk layin ba mai kiranta da wani suna sai Mai Fanka, har mijin in ya so tsokana.

Dattijon tsohon ma'aikacin safiyo ne, masu awon ƙasa, shi ya sa ake ce masa Baba Safiyo. Shekara talatin yana da lasisin rediyo irin wanda mutum zai zauna a ɗakinsa ya yi hira da na wata ƙasa.

"'Yata, an ce hannunki yana ji," in ji shi. "Wannan akwatin a gindin eriyata yake zama, can ƙarshen gida. Shi ne mai sulhu tsakanin rediyo da eriya. In bai yi aikinsa ba, rediyon ba ya buɗe baki."

"Baba, ni fa fanka na sani."

"Waɗanda suka san rediyon na je musu, mutum biyu. Kowanne ya ɗora shi kan tebur ya ce lafiyarsa ƙalau. In mayar da shi gida, da safe ya yi aiki, kafin sha ɗaya ya sume."

Sha ɗayan nan ce matsalar. Kowace Asabar a wannan lokacin tsofaffin abokansa bakwai suke haɗuwa a iska ta rediyo, a kira kowa ya amsa, kuma shekara ashirin da biyu suna haka. Asabar uku ke nan ana kiransa shiru. Babban ɗansa, wanda ake kira Manaja, ya riga ya yanke hukunci: tunda kayan sun mutu, ranar Litinin magina za su zo su tumɓuke ƙarfen eriyar a yi ɗakin ajiya a wurin.

Mai Fanka ta buɗe akwatin, ta kai shi hanci ta shinshina. Ba ƙauri. Ta mayar da murfin.

"Ku koma da shi ku ɗaura inda yake. Marar lafiyar da ke warkewa da ya ga likita, a gida ake dubansa. Gobe ina tafe."

Washegari ƙarfe takwas da rabi ta iso da mitarta ta awon wuta. Daga ɗakin Baba zuwa gindin eriya mita arba'in ne. Waya mai zare huɗu ce ke kai wa akwatin wuta, ta bi ta kan katanga, an shafe ta da farin fenti tare da katangar. Ta sa Baba ya danna maɓallin da ke ɗakinsa. Akwatin ya yi ƙas-ƙas-ƙas ya daidaita. Mita ta nuna sha biyu a ɗaki, sha ɗaya da rabi a akwati. Ta jawo bulo ta zauna a rana.

Manaja ya fito da rigar ofis, makullin mota a hannu.

"Malama, gyaran ke nan? Ko gadin akwatin aka ɗauke ki?"

"Jira nake ya sume, Yallaɓai."

"Injiniyoyi biyu sun duba fa."

"A inuwa suka duba."

Ya yi dariya ya ce to bari ya tsaya ya ga ƙarshen wasan.

Sha ɗaya saura minti goma, Baba ya danna, akwatin ya yi ƙas ɗaya ya yi shiru. Ta auna: bakwai. Ta ruga ɗaki ta auna: sha biyu cif.

"Baba, akwatinku ba shi da laifi, yunwa yake ji. Wutar tana fita daga nan cikakkiya, a hanya ake tare ta. Akwai inda aka yi wa wayar nan ƙari?"

Baba ya miƙe tsaye. "Ƙari? Ni na ja ta da hannuna, gaba ɗaya, ba yanka. Ni da na auna titunan garin nan zan yi wa waya faci?"

"Ruwa dai ba ya tsami banza, Baba."

Ta ce a sauya wayar duka a huta. Baba ya ce irinta sai an yi oda, mako biyu kafin ta iso, ga Litinin saura kwana uku. Kankare fentin mita arba'in kuwa da wuƙa, sai an ji wa wayar ciwon da ya fi na da.

Nan ta tuna da abin da mahaifinta yake yi wa fankar da ke tsayawa in ta ɗau zafi. Ba ya kwance ta. Jiƙaƙƙen tsumma yake ɗorawa wuri-wuri, inda ya sanyaya ta tashi, nan ciwon yake. Ta nemi bokitin ruwa da tsohon zanen gado da tsani.

Katangar ginshiƙi goma sha uku gare ta. Sai ta shimfiɗa jiƙaƙƙen zanen a kan waya tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, ta ƙirga minti uku, ta ce a danna. Kunnen Baba ya yi nauyi, don haka aka tsayar da Manaja a tsakiyar gida yana isar da saƙo.

"Danna!"

"Baba, wai ka danna!"

Shiru. Ta sauko, ta ja tsani, ta sake jiƙa zane. Na biyu shiru, na uku shiru. Zufa ta jiƙe mata mayafi, matan gida suka fito bakin ƙofa suna kallon mai shanya a kan katanga. A na shida Manaja yana ta barkwanci. A na bakwai ya rage. Da ta ja tsanin zuwa na takwas, kusa da tankin ruwa, sai ya matso.

"Malama, ranar nan ta yi yawa. Ki sauko ki sha ruwa, a ƙarasa wani lokaci."

"In rana ta sauka ciwon zai ɓuya, Yallaɓai."

"Ai nan wajen ba komai. Ki tsallake zuwa gaba."

Ta dube shi daga kan tsani. Ta shimfiɗa zanen tsakanin na takwas da na tara, ta ƙirga minti ukunta.

"Danna!"

Manaja bai isar ba. Ta ɗaga murya da kanta har sai da Baba ya ji. Daga ƙarshen gida akwatin ya amsa: ƙas-ƙas-ƙas.

Ta bi wurin da yatsa har ta ji wani ɗan kumburi a bayan bututun tanki. Ta kankare fenti, ta warware baƙin salatif. Zare biyu a yanke, an haɗa su da guntun wayar alminiyon, an murɗa da hannu ba dalma. Mahaɗin ya yi fari fat da tsatsa. Da sanyi yana ɗan kamawa, rana na dukansa sai ya saki.

Baba ya iso yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi min wannan?"

Manaja, mai shekara arba'in da biyar da ma'aikata sittin a ƙarƙashinsa, ya sunkuyar da kai yana murza makulli.

"Ranar da aka ɗora tanki ne, Baba. Tsani ya datse ta. Kana asibiti wajen awon ido."

"Shekara huɗu! Ka yanke min waya, ka shafe da fenti, yanzu kuma ka kira magina su binne shaida?"

"Wallahi na manta, Baba. Sai da ta doso wurin na tuna."

"Riƙe mata tsani."

Ya riƙe. Ta yanke ruɓaɓɓen wurin, ta kawo guntun jar waya irin zaren asali, ta haɗa da dalma, ta rufe yadda ruwa ba zai shiga ba. Ƙarfe ɗaya da kwata, rana na tsakiyar ka, mita ta nuna sha ɗaya da rabi a akwati. Aka danna sau goma, sau goma ya amsa.

Ranar Asabar da aka kira Baba Safiyo ya amsa tun kafin a rufe baki. Littafin ƙungiyarsu ya nuna ya yi minti goma sha tara yana magana, alhali ƙa'ida minti biyar ce, kuma kusan duka a kan mai gyaran fanka ya yi su. Ranar Litinin magina suka zo, Manaja ya nuna musu wani lungu a bayan kicin.

Baba ya ƙara shekara shida yana amsa kira kafin rasuwarsa. Mai Fanka ta ci gaba da naɗin fanka a shagon nan, sai dai 'yan ƙungiyar sun riƙa zuwa ɗaukarta in kayansu sun gagara, an rubuta gyara goma sha bakwai da ta yi musu. A 2022 idonta ya gaza ganin siririyar waya, ta bar wa 'yarta ta biyu kujerar. Yanzu tana gida, takan leƙo shagon ranar Talata da Alhamis.