Baba Ilyasu Mai Jin Kukan Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Pumpumre ya san fitowar Baba Ilyasu maƙeri. Da an idar da sallar asuba ya sha kokonsa, sai ya soke 'yar ƙaramar masaba a aljihu, ya kama hanyar kasuwar tsofaffin ƙarafa, wadda mutanen Garwa ke kira feray. Ba ya sauri. Yana tafe yana amsa gaisuwa, wannan da Hausa, wancan da Fillanci. Mai burodi ya jefo masa "sa ba?" shi ma ya mayar masa da "sa ba", wadda kusan ita ce iyakar Faransancinsa.

In ya isa, ba ciniki yake fara yi ba. Sai ya bi tsibin ƙarafa yana ƙwanƙwasawa, yana karkata kunne. Guntun ƙarfen dogo, gatarin tsohuwar babbar mota, uwar maƙerar da magada suka sayar bayan rasuwar mai ita, kowanne sai ya ji muryarsa. Yakan ce lafiyayyen ƙarfe kuka yake da tsawo kamar ƙararrawa, mai ciwo kuwa tari yake yi ya yi shiru. Daga nan ya dawo rumfarsa ya hura wuta.

Maƙera suna da yawa a Garwa, wasu ma sun fi shi suna. Abin da ya bambanta Baba Ilyasu shi ne bai taɓa iya ganin sabon shiga ya sayi ruɓaɓɓen kayan aiki ya kau da kai ba. Gaston shaida ne, kuma shi da bakinsa yake ba da labarin ga duk wanda ya zauna a bencinsa.

Gaston mutumin duwatsun bayan garin Gidar ne, Kirista, ɗan manoma. Ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Garwa, har zamanin nan da aka karya darajar kuɗin sefa, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. Wata safiya ya tashi ba aikin zuwa, ga matarsa Rosalie, ga yara, ga gidan haya. Kawunsa Barthélemy ya aiko daga ƙauye cewa ya tattaro iyali ya dawo gona. Gaston ya san gonar, ya san ba za ta ciyar da ƙarin bakuna ba. Sai ya tuna kowace damina manoma na neman fartanya da lauje, kuma ba wanda zai sallami maƙeri daga aiki. Ya ɗauki abin da aka ba shi na sallama ya nufi feray shi kaɗai, ya sayo uwar maƙera baƙa wuluk tana sheƙi, da zuga-zugi, da guduma, da awartaki. Ya ɗora a amalanke yana turawa, yana jin kansa kamar ango.

Hanyarsa ta bi ta gaban rumfar Baba Ilyasu. Baba ya ɗago ya dubi kayan, ya dubi mai turawa.

"Bawan Allah, tsaya mana. Wa za ka kai wa?"

"Nawa ne, Baba. Ƙira zan fara."

"Madalla. Wa ya koya maka?"

"Tukuna dai."

Baba ya taso, ya zaro 'yar masabarsa ya ɗan bugi uwar maƙerar. Ta ce ƙwal, ta yi shiru. Ya sake bugawa a wani gefen. Sannan ya sa tsumma ya goge baƙin man da aka shafe ta da shi, sai ga tsaga ta fito daga wuya har kusan gindi. Ya ɗaga zuga-zugin ya matsa, iska ta fita ta ko'ina ban da ta baki, domin ɓeraye sun riga sun yi walima da fatar.

Gaston yakan ce a nan ya zauna a bakin amalanken. Abin da ya zo masa a rai fuskar Rosalie ce, domin ita ta ce ya jira ya nemi shawara, ya ƙi.

"Shi ke nan, Baba, na kashe kaina?"

Baba Ilyasu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗana, ba ka mutu ba, kayanka ma ba su mutu ba. Suma suka yi. Sauke su a nan."

Ya sa hularsa, ya ce su koma feray. Gaston ya ɗauka faɗa za a yi, har ya fara naɗe hannun riga. Da suka isa, Baba ya gaisa da mai kayan, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "Ɗan nan nawa ne ya sayi amaryarka ɗazun nan, ashe da tsohon ciwo ka aurar da ita." Mutumin ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya. Ba a ɗaga murya ba, ba a mayar da ciniki ba. Suka baro wurin da damin karyayyun sifirin mota da wata tsohuwar ƙafar keke, wai kayan ban haƙuri.

Gyaran ya ɗauki makonni, kuma Baba bai yi masa ko ɗaya shi kaɗai ba. Ya sa Gaston ya lanƙwasa kakkauran ƙarfe ya zama zobe, suka gasa shi ya yi ja, suka zura wa uwar maƙerar a wuya, suka kwara ruwa. Zoben ya tsuke ya matse tsagar kamar an ɗaure ta da igiya. Fuskar kuwa, da magagari da dutsen washi Gaston ya goge ta har hannuwansa suka yi bororo. Gudumar da bakinta ya baje kamar naman kaza, aka mayar da ita wuta aka daidaita, aka shayar da ita ruwa, aka yi mata sabuwar ƙota ta marke. Awartakin ya yi lako-lako ba ya riƙo. Baba ya ce, "Wannan kada ka gyara. Ƙera naka. Maƙerin da bai ƙera awartakinsa ba, aron hannu yake yi." Na farko ya fito a karkace kamar ƙafar kaguwa. Baba ya rataye shi a rumfa, duk wanda ya zo sai ya nuna masa, su yi dariya tare da mai shi.

Zuga-zugin kuma mata ne suka tashe shi. Inna Lauratu, matar Baba, ta aika aka samo jemammun fatun awaki, ta kira Rosalie, wadda dama tana ɗan taɓa ɗinki. Suka zauna a tsakar gida da basilla, ɗaya na yi da Hausa, ɗaya na haɗawa da Fillanci. Da farko Rosalie ba ta sakin fuska. A wajen mutanensu ƙira ta wani gida ce daban, manomi ba ya shiga, kuma tana tsoron abin da dangi za su ce. Inna Lauratu ta ce mata, "'Yata, dangi za su yi magana su gaji. Tukunya ce ba ta gajiya da tambaya." Ranar da aka ɗaura zuga-zugin, Rosalie ce ta fara zugawa. Da gawayin ya kama, ya yi ja, ta saki guɗa irin ta mutanen dutse har maƙwabta suka leƙo.

Maganar ba daga ɓangare ɗaya ta zo ba. Malam Shu'aibu, tsohon maƙeri ne kuma abokin Baba tun ƙuruciya, ya zo ya same shi ya ce, "Ilyasu, ƙira gado ce. Ka ɗauko wanda ba ɗan maƙera ba, ba ma addininku ɗaya ba, kana buɗe masa ciki. Gobe shi zai ƙwace mana kasuwa."

Baba ya ce, "Shu'aibu, daga nan har Marwa ka ƙirga gonaki, ka ƙirga maƙera. Ko mun kwana muna bugu ba za mu ishe su ba. Kuma kakanmu na farko, a wajen wa ya gada? Wani ne ya tausaya masa ya nuna masa."

Malam Shu'aibu ya tashi ya tafi. Amma bayan kwana biyu ya aiko da wani tsohon kurfi na yankan ƙarfe, ya ce a ba baƙon.

Kai ne, Baba Ilyasu, ka tsaya a kan wannan magana ba tare da ka ɓata da abokinka ba. Kai ne ka zauna kana kallo fartanya bayan fartanya tana tsagewa a hannun ɗan koyo, ba ka karɓe gudumar ba, sai dai ka ce, "Mayar wuta, ƙarfe ba ya fushi." Gagara gasa, mai haƙurin gawayi.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, fartanyun Gaston sun fara kama da fartanya. Inna Lauratu ta gwada ɗaya a ɗan lambun kuɓewarta ta ce ta yi. Ranar kasuwar Gidar Baba ya rufe rumfarsa, abin da bai saba ba, ya raka Gaston a mota. Suka shimfiɗa buhu suka jera kaya. Baba ya koma gefe ƙarƙashin dalbejiya, ya ce shi ɗan kallo ne.

Can da hantsi sai ga Kawu Barthélemy da sandarsa, ya sauko cin kasuwa. Ya tsaya a kan buhun kafin ya lura da mai kayan. Ya ɗauki fartanya ɗaya, ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa.

"Wa ya ƙera wannan?"

"Ni ne, Kawu."

Tsohon ya ɗago. Ya daɗe yana kallon ɗan 'yar'uwarsa, da tabon wuta a hannuwansa. Kawun ya durƙusa ya sari busasshiyar ƙasar kasuwa da ruwan fartanyar, sau ɗaya, sau biyu, ya duba bakin, bai lanƙwashe ba.

"Sa mini ƙota," in ji shi. "Kuma ka ajiye wa maƙwabcina ɗaya, yana tafe."

Kafin la'asar buhun ya zama wayam. A hanyar dawowa Gaston ya yi ta rera waƙoƙin coci a bayan mota, Baba na kaɗa kai yana taya shi da tafi, ko kalma ɗaya bai sani ba.

Daga Gaston sai ƙofa ta buɗe. Duk wanda sha'awar ƙira ta kama, ko wahala ta koro shi gare ta, sai a ce masa, "Kada ka sayi komai sai ka ga Baba Ilyasu." Ya raka masunta da manoman shinkafa daga Maga da suke son su riƙa ƙera laujensu da ƙugiyoyinsu da kansu. Ya koya wa mutane haɗa mazugi da ƙafar keke da gwangwani, ya nuna musu yadda guntun gatarin mota ke zama uwar maƙera in an kafa shi a kututture. Bai taɓa cewa a kira shi malami ba. Cewa yake, "Rakiya kawai na yi."

A watan da ya wuce kafaɗa ta ce ta gaji, 'ya'yansa suka matsa ya ajiye babbar guduma. Aka yi ɗan taro a ƙofar gidansa. Maƙera suka zo daga Gidar, daga Maga, daga ƙauyukan bakin Binuwai, wasu da furfura a gemu. Rosalie da Inna Lauratu suka dafa shinkafa da kifi. Gaston, wanda yanzu rumfarsa ke ciyar da gidaje da dama, ya tashi zai yi jawabi, ya ce "Baba" kawai, ya koma ya zauna, aka yi ta tafi kamar ya faɗi komai. Wani ya tambayi Baba me zai riƙa yi yanzu da ya huta. Ya ce, "Hutu kuma? Ranar Alhamis akwai wani direba da ya bar tuƙi, ya ce ya ga wani mazugi na sayarwa. Ba zan bari ya je shi kaɗai ba."

Baba Ilyasu, mun gode. Useko, in ji Fulani. Ka tashi kayan da aka yar, ka tashi mutanen da suka ɗauka tasu ta ƙare. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa kafaɗa, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya saka wa Inna Lauratu da alheri.

Mu kuma da muka rage, kowa yana da abin da ya iya: tela, makaniki, kafinta, mai gyaran rediyo. Gobe wani zai wuce ta ƙofar shagonka, ya sayo abin da bai sani ba, yana murna. Kana iya yin shiru, ba wanda zai zarge ka. Amma in kana son ka yi koyi da dattijon Pumpumre, ajiye abin da ke hannunka, ka tashi ka yi wa mai wucewar sallama.