Yadda Dabo Birki Ya Koma Dabo Wutsiya

In ka shiga Angwan Iya a Keffi ka tambayi gidan Dabo mai gyaran keke, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce gidan Dabo Wutsiya, ko makaho ya kama hannunka ya kai ka. Mutumin ya daɗe da rasuwa, sunan dai ya ƙi binsa kabari. Ni kuwa haushi nake ji in na ga mutane na faɗarsa suna 'yar dariya, alhali ba su san inda ya samo asali ba.

Dabo ɗan Keffi ne gaba da baya, gajere, mai faɗin kafaɗa, maganarsa sai an tono ta. Ya koyi gyaran keke a hannun wani mutum, Ubale, a wata rumfa gindin mangwaro kusa da kasuwa. Ubalen nan kuwa ba gyara kaɗai ya tsaya a kai ba. Shi ya fara ɗora kaya a bayan keke ya ratsa ta cikin duwatsu zuwa kasuwar Gitata, a lokacin da mota sai ta ga dama take zuwa, in damina ta yi nisa kuma ta kafe a laka kwana biyu. Sannu a hankali 'yan tireda suka biyo shi, har ta kai duk ranar kasuwa kekuna goma ko fiye ke tashi a jere, wannan da gishiri, wannan da kananzir, wancan da atamfa da sabulu.

Hanyar ba ta da laifi sai wuri ɗaya, inda suke kira Bayan Kada. Gangaren dutse ne mai ƙulli-ƙulli, dogo, daga ƙasa kuma ya yi kwana a bakin wani kwazazzabo. Akwai zagaye ta gefe, mai laushi, amma yana cin sa'a guda, in ka bi shi sai ka tarar an gama cinikin safe.

Saboda gangaren nan Ubale ya kafa ƙa'idarsa. Sabon shiga ba ya sauka haka kawai, sai an saro masa reshen marke mai ganye an ɗaure da igiya a bayan kekensa, reshen na jan ƙasa yana riƙe keken. Ita ce wutsiya. Tana aiki kam, ba ƙarya, sai dai ga ƙara kamar ana sharar tsakar gida, ga ba'a daga nan har kasuwa. Ayari kuma ba ya rabuwa, ba a kuma wuce jagora a gangare, ko kai ɗan wane ne. Ke nan da jagora zai ɗaura wutsiya, dole kowa ya ɗaura, in ba haka ba na baya su hau kansa. Wannan kam a baki kawai take, ba a taɓa ganinta ba. Wane jagora ne zai yarda?

A shekarar da aka sami mulkin kai Ubale ya zaro wuƙa ya yanke wa Dabo igiyar wutsiya a gaban jama'a, Dabo ya raba goro kamar yadda aka saba. Ran nan ya sauko Bayan Kada da buhun gishiri, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Daga nan aka laƙaba masa Dabo Birki, sunan kuma ya bi shi har rumfa, don duk keken da ya bi ta hannunsa, ka matsa birkinsa sai ya kama gam. Da gwiwa ta fara damun Ubale, sai ya sakar masa rumfar da jagorancin ayarin gaba ɗaya. Dabo ya auri Mairo, ya ta da ɗaki biyu a Angwan Iya, ya yi ta kai ayari yana dawowa da shi, ba a taɓa kwaso kowa daga kwazazzabon nan ba.

Shekara biyu bayan an gama yaƙin basasa, da kaka, wata rana da hantsi Fadimatu 'yar Ubale ta zo rumfa idanunta jajur. Ta ce Baba ya rantse gobe sai ya bi ayari, shi da ya daɗe rabonsa da hanyar. Dalili kuwa, wani saurayi cikin 'yan keken, Julius, mai bakin da ba shi da linzami, ya faɗa a teburin mai shayi cewa tsofaffin 'yan keke labari kawai suka iya, maganar kuma ta isa kunnen tsoho. Abin da ba wanda ya sani a waje shi ne hannun daman Ubale ya mutu rabi. Yatsun ba sa rufuwa, ludayi ma suɓuce masa yake in yana shan koko, shi ya sa kullum hannun na cikin riga.

"Yaya Dabo," ta ce, "kada ka bari a dawo mana da shi a makara, kuma don Allah kada ka tozarta shi. In ya san na faɗa maka, ba zai yafe mini ba."

Ta tafi ta bar shi da sifana a hannu, ya rasa abin da ke masa daɗi. Gaba kura, baya sayaki. Ya san maigidansa sarai. Mutumin da ya ɗaura wa rabin 'yan keken Keffi wutsiya, wa zai tunkare shi da reshe? Ai wanzami ba ya son jarfa.

Washegari kekuna goma sha ɗaya suka hallara. Ubale ya iso da buhun gishiri cikakke a bayan kekensa, don mai ido ya gani. Dabo ya miƙa hannu zai duba masa keken, tsoho ya buge hannun da hagunsa, ya tambaye shi wa ya koya wa wani aikin. Cikin ayarin akwai baƙo, Malam Gamaliel, malamin firamare ɗan ƙabilar Eggon, wanda ya sayi keke wata uku da suka wuce, zai je gaishe da surukansa. Har lokacin in yana tuƙi kan keken rawa yake. Dabo ya gan shi ya ji sanyi a ransa, ya ce ga mafita Allah ya kawo.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya Ubale ya yi tuƙi kamar saurayi. Sai da suka zo wata 'yar gangara bakin rafi Dabo ya saci kallo, ya ga hannun daman na kwance kawai a kan birki, tsoho da tafin takalmi yake taimakon hagunsa. Hagu ita kaɗai ba za ta riƙe buhun gishiri a Bayan Kada ba, ko ta ƙato ce.

Da suka kai saman dutsen aka jingine kekuna aka sha ruwa, kowa ya zuba wa jagora ido, don nan ne yake faɗin hanya. Dabo ya ce yau zagaye za a bi, saboda Malam Gamaliel. Samari suka fara gunaguni. Ubale ya ce tun yaushe aka fara wannan sabon salo? Sabon shiga wutsiya yake ɗaurawa, haka aka yi wa kowa a nan. Sannan ya juyo ya kafe Dabo da ido.

"Ko kuwa akwai wani da kake jin tsoro dominsa? Faɗi sunansa mu ji."

Malam Gamaliel, bawan Allah, bai san dawan garin ba, ya ce kada a ɓata wa mutane ciniki saboda shi, in ma wutsiya biyu ce zai ɗaura. Shi ke nan, mafita ta toshe.

Dabo ya dubi gangaren, ya dubi kwanar da ke bakin kwazazzabo. In ya kira suna, ya kashe mutumin a tsaye. In ya yi shiru, ya kashe shi a kwanar nan. Sai ya taka zuwa nasa keken ya tsuguna, ya taɓa nan ya taɓa can, ya daɗe a tsugune, har aka fara tambaya ko lafiya. Ya san abin da zai faɗa, ya kuma san abin da zai jawo masa, don birki shi ne sunansa, shi ne abincinsa. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Birkina ya ƙi," ya ce. "Robar ta cinye, ban duba ba. Wutsiya zan ɗaura."

Kai, zo ka ga kallon kallo. Julius ya tafa hannu ya ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Har ya kawo shawarar a ba Baba Ubale gaba, tunda jagora ya gaza. Dabo ya dake, ya ce wanda ya fito da ayari daga Keffi shi ke shigar da shi kasuwa, kuma kowa ya san ƙa'ida, tunda ya ɗaura, kowa zai ɗaura. Ya ɗauki adda ya shiga jeji da samarin, suka bar tsoho wurin kekuna. Reshen da ya fi kowanne girma Dabo ya ja ya kawo wa maigidansa, ya ce saboda nauyin gishiri ne, ya ɗaure shi da hannunsa ƙulli uku.

Ubale bai hana ba, amma ya wanke shi tas a gaban kowa. Ya ce mai gyara da mataccen birki, ina amfanin baɗi ba rai? Ya ce ya yi asarar koyarwa, ga shi yau da furfurarsa an ja masa abin kunya. Dabo ya sunkuyar da kai. Ya san dalilin da ya yi abin, amma wallahi zagin ya shige shi har ƙashi.

Haka suka gangaro, wutsiya goma sha ɗaya, ƙara kamar matan unguwa sun fito sharar salla. Dabo na gaba, ba damar waiwaye a kan dutsen nan, sai addu'a. Da ya isa ƙasa ya dira ya juya. Ga Malam Gamaliel ido waje yana kiran sunan Allah da yarensu, ga samari suna ƙyalƙyala dariya. Can sai ga tsoho ya shawo kwanar, ƙafa ɗaya na jan dutse, keken na neman ƙwacewa, ƙaton reshen na riƙe shi ta baya. Ya iso lafiya. Dabo ya juya baya kamar mai kwance igiya, don kada a ga fuskarsa.

Kafin su koma Keffi sunan ya riga su isa. Dabo Birki ya mutu, Dabo Wutsiya ya tashi. Masu kawo gyara suka ragu, don wa zai ba da birkinsa ga wanda bai duba nasa ba? Mairo ta yi ta faɗa, ta ce ita ba ta yarda ba, mutumin da ko ƙararrawa ba ya bari ta kwana da tsatsa, shi ne zai manta birki? Ya ce mata tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ubale kuwa bai sake bin ayari ba. Ya zauna a ƙofar gidansa yana ba duk mai wucewa labarin yadda ya sauko Bayan Kada da buhun gishiri yana ɗan saba'in, da ba don sakarcin Dabo ba ma da ba tare da wutsiya ba zai sauko. Dabo na jin wannan, kuma duk Juma'a sai ya je gaishe shi da goro.

Shekarar Udoji ta zo, gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, babura suka cika gari, aka gyara hanyar mota, ayarin keke ya watse ba sallama. Julius ma babur ya koma. Dabo ya ci gaba da facin tayoyin manoma a gindin mangwaronsa, ciyawa ta rufe Bayan Kada.

Ana haka ciwo ya kwantar da Ubale. Wata rana bayan la'asar ya aika a kira Dabo, Fadimatu na tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Tsoho ya yi magana yana kallon rufin ɗaki.

"Ran nan da kuka shiga saro reshe, na matsa birkinka da haguna. Ya kama gam."

Tsoho ya ci gaba.

"Zagin da na yi maka, da na yi shiru da sun gane. Shekara huɗu ke nan ina cin mutuncinka don in tsira da nawa, kai kuma kana kawo mini goro. Je ka kira su, in faɗa musu da bakina tun ina da numfashi."

Dabo ya gyara masa mayafi, ya mayar da mataccen hannun ciki yadda tsohon ke so.

"Baba, ai hagun taka ma ba ta da ƙarfi ran nan. Birkin ya lalace."

Fadimatu ta ce tsohon ya yi dariya har ya sarƙe, hawaye na bin kunnensa. Ba a kira kowa ba. Bayan kwana tara ya cika, Keffi ta binne shi a matsayin mutumin da bai taɓa gazawa a Bayan Kada ba. A wurin zaman makoki Dabo ya ja Fadimatu gefe ya ce in ta faɗa wa wani abin da ta ji, ba shi ba ita. Ta kuwa riƙe, sai bayan shi ma ya rasu ta tara 'ya'yansa ta faɗa musu, ina zaune a wurin.

Shekara ashirin da wani abu Dabo ya ƙara a duniya bayan maigidansa. Har ya koma ga Allah, in aka tsaya bakin rumfa aka kira Wutsiya, ɗagowa yake ya amsa.