Ranar da Baba Ya Sa wa Ƙaura Zarto

Wata Asabar ce a farkon Oktoba, shekarar da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Doha, ina da shekara goma sha biyar, wakilin mai gidan da muke haya a Mesaimeer ya shigo mana falo da takalminsa. Umma ta ja mayafi ta shige kicin. Shi kuwa daga tsaye ya shaida wa Baba cewa ba za a sabunta mana haya ba, baƙi masu zuwa kallon ƙwallo za a saka, mu tashi kafin wata ya ƙare. Yana cikin magana ya hango ƙofar ƙaramin ɗaki a buɗe, ya kutsa ciki babu ko neman izini. Nan ya tarar da garin Ƙauran Namoda shimfiɗe a kan katako daga bango zuwa bango, da tasha, da kasuwa, da rumbuna, ga ɗan jirgin ƙasa da bai wuce tsawon hannuna ba yana zagayawa. Ya ciro waya ya shiga ɗaukar hoto. Sannan ya dubi katakon, ya dubi ƙofa, ya yi dariya ya ce, “Wannan ai ba zai fita ba. Khalas, shi ke nan, ku bar shi nan, baƙi za su ji daɗinsa.” Har yau in na tuna dariyar nan sai na yi ta istigfari kafin zuciyata ta sauka.

Baba ma’aikacin lantarki ne a wani garejin manyan motoci a Sanaiya, kuma a bayan tashar jirgin Ƙaura ya tashi. Da kullen korona ya zaunar da kowa a gida, sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da ƙananan taragai da guntayen layin dogo da ya daɗe yana tarawa, ya ce zai gina garinsu. Ni a lokacin karatu ta kwamfuta muke yi, in na gama, na yi wanke-wanke, na shanya kaya, sai in ruga ɗakin. Kasuwa aka ba ni. Da tsinken sakace na kafa rumfuna, na warware igiya na yi musu jinka, na daka jan bulo a turmin Umma don ƙasar Doha fara ce, ba ta yi kama da ta gida ba. ’Yan mutanen da ake sayarwa kuwa duk Turawa ne da kwat da hula malafa. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya da fenti, na jiƙa takarda da gam na yi wa matan mayafi, mazan na yi musu riguna. Fuska dai ba mu zana wa kowa ba, haka Baba ya ce, ni ma hankalina ya fi kwanciya da hakan.

Baba yana da abokai biyu masu irin wannan sha’awa. Akwai Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi, mai kula da wani sito, da kuma Malam Sabo, Bakatsine, mai gadi a Mushairib. Bayan la’asar sukan haɗu a waya, kowa ya nuna abin da ya yi, a yi ta ba da shawara ana tsokanar juna. A bakinsu na koyi cewa tsakuwar dogo ba ta zama sai an sirka gam da ruwa an ɗiga masa sabulun wanke-wanke, kuma ba a manne ƙarfe da ƙarfe, ana barin ’yar rata, don zafin Doha yana sa dogo ya miƙe ya gantsare. In jirgi ya fara tsaye-tsaye Malam Sabo zai ce, “Datti ne, Malam Isa, kar ka kankare, tsumma da sifirit kawai.” Sifirit kuwa a shekarar nan ya zama abin ɓoyo, har sai da Umma ta kulle nata a akwati. Alhaji Mumuni kuma ba ya barin Malam Sabo ya sha iska saboda jiragensa ƙanana ne ƙwarai: “Sabo, wannan naka jirgi ne ko shinkafa? Ka yi atishawa, fasinja duka sun tafi lahira.” Mu da muke kulle, ba masallaci, ba zumunci, wannan hirar ce take buɗe mana taga.

Kuskuren Baba ɗaya ne. A cikin ɗakin ya harhaɗa katakon ya zama falle ɗaya, ya ɗaure da kusa da gam, bai yi tunanin ranar fita ba. Shi ne abin da wakilin ya gani ya ɗauka ya tsinci kaya. Ba a yi mako ba wata maƙwabciyarmu ta nuna wa Umma tallar gidan a waya. Ga hoton ɗakin, ga kasuwata, ga mai ƙosan da na ɓata yini guda ina ɗaura mata zani, an rubuta wai ɗaki ne mai kayan nishaɗi na musamman. Muna ciki, kayanmu ba mu ɗaure ba, an riga an sayar da aikin hannunmu ga mutanen da ba su san inda Ƙaura take ba! Abin da ya ƙara ƙona mini rai, wasu ’yan uwanmu da suka zo jaje cewa suka yi, “Haba, abin wasan yara ne fa, a ji da neman gida.” Babu wanda ya tambaya me ya sa dattijo mai furfura zai zauna yana gina ƙofar gidan mahaifiyarsa da ashana.

Ranar Juma’a bayan an sauko, abokan nan biyu suka zo da siririn zarto da abin narka dalma. Suka daɗe suna zagaya katakon suna musu. Ba a yanka a inda dogo ya rabu biyu, ba a yanka a kwana, ba a yanka kan gada, sai inda layi ya miƙe sak. Wuri biyu ne kawai suka dace, ɗaya a bayan rumbuna, ɗayan kuwa tsakiyar kasuwata. Baba, da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, ya juyo ya ce, “Uwata, ko mu bar wa wakilin nan kasuwar da ranta, ko mu raba ta. Ke za ki faɗa.” Na ce a yanka. Alhaji Mumuni ya kafa kusoshi ya liƙe bakin kowane dogo da dalma don kada ya goce, ni kuma na bi layin da aka ja ina cire masu ciniki ina zubawa a gwangwanin madara. Da zarton ya shiga rumfar mai nama ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, amma ban kau da kai ba.

Da wakilin ya zo karɓar makulli ya tarar da ɗaki wayam, sai ya hau faɗa, wai ya riga ya yi wa baƙi alkawari, wai mun cuce shi. Mu muka cuce shi! Baba ya miƙa masa makullin, ya ce a hankali, “Cewa ka yi mutanen gidan nan su fita. Na kan katakon su ma mutanen gidan ne.”

Gidan da muka samu daga baya ƙarami ne, ɓangaren tasha kaɗai ya shiga. Na rumbuna yana wajen Malam Sabo, na ukun kuwa, mai ɗauke da rabin kasuwata, Alhaji Mumuni ya tafi da shi Kumasi da ya bar aiki. Yanzu ina ɗakina a Gusau, in Baba ya kira ni yakan juya wayar in ga jirgin. Ba ya zagayawa kamar da, zuwa yake bakin inda aka yanka ya tsaya, ya dawo da baya. Su ukun har yanzu suna hirarsu bayan la’asar, suna cewa wata rana za a haɗa, ni kuwa in ce Allah ya sa. Kasuwata tana nan da ranta, sai dai ba ta ƙara ci a wuri ɗaya ba.