Tekun da Na Ara wa Badamagare

Tayoyin roba na fara gani, irin waɗanda ake hura wa iska yara su shiga ruwa da su. An rataye su a ƙofar wani ɗan shago a bakin titi, ja da kore da ruwan ɗorawa, har da wata agwagwa da ta fi ɗana girma, iska tana kaɗa ta tana buga kai a jikin kwano. 'Yata ta ce, "Umma, mun zo?" Na leƙa ta taga ina neman shuɗin ruwan nan da na sani a littafi. Ban ga komai ba sai gidaje marasa bene, da gidan mai, da wani ƙaramin masallaci. Amma da maigidana ya sauke gilashi, iskar da ta shigo ba irin ta Riyad ba ce. Tana da nauyi, tana manne wa fata, kuma akwai gishiri a cikinta.

Mu biyar ne a motar: ni da maigidana da yaranmu biyu, sai abokinsa, mutumin Damagaram, wanda saboda shi muka baro unguwarmu ta Murabba a Riyad tun bayan sallar asuba muka nufi gabas. Badamagare muke ce masa, shi kuma ya ce mini Bakanuwa, don wasan da ke tsakanin garuruwanmu bai tsaya a gida ba, ya biyo mu har Saudiyya. Ya kusa shekara arba'in a lokacin. A unguwar Sulay yake aiki, a wani babban sito, yana tuƙa 'yar motar nan mai ɗaga kaya. Kowace Juma'a a gidanmu yake cin tuwo.

Akwai wata malamar makaranta a garinsu da yake nema da aure. Bazawara ce, kuma kowa ya san abin da ya raba ta da mijinta na farko: ƙarya. Ya ce yana da gida ashe haya ne, ya ce yana da shago ashe yaron shago ne. Ta ce za ta iya zama da talauci, amma ba za ta iya zama da mutumin da sai ta tace maganarsa ba.

Wata Juma'a maigidana ya shigo mini kicin da wayar Badamagare yana dariya, ya ce in karanta saƙon da abokin nasa ya tura wa malamar. Na karanta: "Ina kwana. Ya aiki. Ya zafi. To madalla."

Na ɗaga murya ta bayan labule na ce, "Badamagare, neman aure kake yi ko duba mara lafiya?"

Ya ce, "To Bakanuwa, ku da aka raba muku surutu aka hana mu, me ake cewa?"

Ni kuwa abin nema ya samu. Da zan taho daga Kano, a ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofi, littattafan soyayya na jera, irin na kasuwa masu siririn bango, waɗanda muka riƙa karɓar haya muna ɓoyewa cikin littafin lissafi tun muna 'yan sakandare. A cikinsu na koyi cewa so yana da yarensa, kuma in ya kai maƙura, bakin teku ake kai shi. Na goge hannu na rubuta mata: "Yau da yamma na zauna a bakin teku, kowace igiyar ruwa da ta taso sai na ji kamar sunanki take kira."

Ban yi tunanin komai ba. A wurina kamar turare ne, ba wanda yake tambayar turare ko gaskiya yake faɗa. Na karanta masa, sai ya ce, "Ai babu teku a Riyad." Na ce, "Ba a nan take ba, salon magana ne." Maigidana ya ce, "Bar ta, ita ce ta yi karatun." Aka tura.

Daga nan tekun ya ƙi tafiya. Kowace Juma'a sai na ƙara masa wani abu: jirgin ruwa daga nesa, farin tsuntsu, rana tana nutsewa. Wata huɗu muna haka. Ni kaina ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma gajimare ya rufe rabinsa.

Ana saura 'yan makonni kawunsa ya kai gaisuwa gidan iyayenta, sai malama ta rubuto: "Tunda kullum kana bakin teku, ka turo mini hotonka a wurin. In za ka zo kuma ka tsinto mini katantanwar teku, in nuna wa 'yan ajina."

Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce, "Bakanuwa, kin kashe ni." Ni ce na kawo shawarar mu je. Na ce teku dai yana nan a ƙasar, tafiyar awa huɗu da 'yan kai ce, mu je a ɗauki hoto, magana ta zama gaskiya. Abokan aikin maigidana a unguwar Ulaya suka kwatanta masa wani ɗan gari da masu iyali suke zuwa, ba na manya ba, wurin da za ka shimfiɗa tabarmarka ba mai kallonka.

A ƙofar shiga bakin ruwan akwai mai gadi a inuwa, da tawul a wuya. Ya leƙo ya ce, "A'ilat bas," wato sai masu iyali, ba a barin gwauraye. Ya nuna Badamagare da haɓa. Maigidana ya ce, "Akhuya," ɗan'uwana ne. Ɗana yana kan cinyar Badamagare yana barci, ya zuba masa yawu a hannun riga. Mai gadin ya dubi yaron, ya ɗaga sandar.

Da muka wuce Badamagare ya ce a hankali, "Yau ma da ƙarya na shiga."

Maigidana ya ce, "Wace ƙarya? Malmala nawa ka ci a gidana? Ko uwa ɗaya muke ai sai haka."

Sai ga tekun. Na daɗe ina kallonsa ina jiran zuciyata ta buga kamar yadda ake rubutawa. Ba shuɗi ba ne sosai, wani kore-kore ne mai hasken toka, a kwance lamo kamar an shimfiɗa zane. Igiyar ruwan da na ce tana kiran suna, ko idon sawu ba ta kaiwa, tana zuwa ta lashi yashi ta koma. An jera rumfunan siminti, kowace da iyali a ciki: tukunyar shinkafa, kular ƙanƙara, jariri a kwance an ɗaure masa zane ya tare rana. Wani yana jan raƙumi mai ado yana neman yaran da za su hau. Mai masara yana fifita garwashi. Mata suna shiga ruwa da abayarsu, bakin abayar yana yawo a bayansu, suna ihu suna riƙe juna.

Muka kama rumfa, mazan suka tafi masallaci, muka ci abinci, muka jira rana ta yi sanyi. Ba ta yi ba, sai dai ta rage mugunta. Bayan la'asar Badamagare ya shiga mota ya sako farar shaddar da ya ajiye don sallah. Kafin ya iso bakin ruwa gumi ya zana masa taswira a baya.

Maigidana ya riƙe wayar Badamagare, ni ina ba da umarni. "Kalli nesa. A'a, ba kamar wanda aka sace wa akuya ba. Sa hannu a ƙirji. Yi murmushi."

Ya ce, "Bakanuwa, ko hoton iƙama, katin zaman ƙasar nan, ban sha wannan wahalar ba."

Muka ɗauki wajen goma, babu na kirki. A kowanne ya fito kamar wanda aka tsayar a gaban alƙali.

Kusa da mu akwai wani tsoho Balarabe, daga shi sai singileti da zane. Ya kai kujerar roba cikin ruwa ya zauna, ƙafafunsa a ciki. Matarsa, tsohuwa ita ma, ta jawo tata kujerar kusa da shi. Tana zuba masa gahawa a ɗan kofi, in ya shanye ya miƙa, ta ƙara. Na ɗauki lokaci ina satar kallonsu, ban ji sun ce wa juna uffan ba. Da hularsa ta faɗa ruwa, ta sunkuya ta ɗauko ta matse ta ɗora masa a gwiwa. Na lalubi littattafaina kaf a raina, ban tuna inda aka rubuta irin wannan ba. Da na waiga, na ga Badamagare ma su yake kallo.

Ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwan. Tekun wurin ba shi da zurfi, ya yi ta tafiya har ya zama ɗan ƙarami, ruwan bai wuce gwiwarsa ba. Ya tsaya can shi kaɗai. Ni ma na tsoma ƙafata. Ɗumi gare shi, kamar ruwan da aka surka wa jariri. 'Yata ta ɗanɗana ta tofar ta ce an cika gishiri.

Da ya dawo sai ya miƙa wa maigidana hannu. "Ba ni wayar."

Na ce, "Kawo in rubuta mata abin da zai raka hoton."

Ya ce, "A'a, Hajiya. Yau ni zan yi."

Bai taɓa ce mini Hajiya ba. Na janye hannuna. Ya danna wurin ɗaukar murya, bai ko matsa daga inda muke ba.

"Salamu alaikum, Malama. Ni ne. Wannan ƙarar da kike ji teku ne. Yau na fara ganinsa tun da aka haife ni. Riyad babu teku, sito nake aiki, daga sito sai ɗaki, mu shida a ciki. Maganganun nan masu daɗi ba nawa ba ne, matar abokina ce take rubutawa, ni kuma na bari. Na zo ne in ɗauki hoto in rufe ƙarya, na ga ba zan iya ba. Ruwan da ɗumi, kuma ba shi da zurfi. Ina son ki da aure. In kin fasa, ba ki yi laifi ba. Shi ke nan."

Ya tura kafin wani ya yi magana. Sannan ya kama hannun ɗana suka tafi tsintar katantanwa a gwangwanin madara, ya ce ko ta fasa, yaran ajinta ba su yi masa komai ba.

Na koma rumfa na zauna. Kunya ta rufe ni. Wata huɗu ina jin daɗin alƙalamina, ban taɓa tsayawa na tuna cewa auren wani nake wasa da shi ba. Alama a wayar ta nuna malama ta saurara, amsa ba ta zo ba. Maigidana ya sayo masara, ba wanda ya ci sai yara. Rana ta yi ƙasa ta bayanmu, ta wajen hamada, ba cikin ruwa ba kamar yadda na yi ta rubutawa. Ko wannan ban sani ba.

Ana shirin kiran magariba wayar ta yi ƙara. Ya sa a kunne, ya saurara, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya ajiye ta a kan tabarma ya sake kunnawa don mu ji. Muryarta a natse take, ana jin kukan awaki a bayanta.

"Wa alaikumus salam. Malam, akwai taswirar duniya a bangon ajina, shekara tara ina koyar da ita. Tun saƙon farko na san Riyad ba ta da teku. Na nemi hoton ne in ga wanne za ka turo, hoton ko gaskiyar. Ka ce wa kawu ya zo. Ka gaishe da mai rubutun, tana da hannu, amma ni 'ina kwana, ya aiki' ɗinka ya fi kwanta mini. Kar ka manta da katantanwata."

Maigidana ya yi kabbara har tsohon nan ya waigo daga kujerarsa. Badamagare ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Kin ji ko, Bakanuwa? An kore ki daga aiki."

Na ce, "Dama ba biyana kake yi ba."

An ɗaura auren bayan babbar sallah. Ya ƙara shekara uku a Sulay, sannan ya tattara ya koma gida gaba ɗaya. Yanzu yana da injin niƙa a bakin wata kasuwa a Damagaram, da 'ya'ya mata uku, ta tsakiyar sunana aka sa mata. Furfura ta cinye masa gemu. Gwangwanin madarar yana kan teburin malama a aji, an ce katantanwar ta ragu, yara suna zarewa ɗaya-ɗaya. Har yau ba ya rubutu. Duk Juma'a yana turo wa maigidana saƙon murya, injin yana ruri a bayansa: ina kwana, ya aiki, ya zafi, a gaishe da Bakanuwa. Bai taɓa komawa bakin teku ba.